Nauyin Ɓoyo: Matasa Masu Sha'awar Jinsinsu a Makarantun Amurka

A shekarar 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Jamie Nabozny, wani saurayi daga garin Ashland na jihar Wisconsin. Tun yana ƙaramar sakandare 'yan ajinsu suka gane maza yake sha'awa, suka sa shi a gaba da zagi da duka. Sun taɓa yi masa fitsari a jiki a bayin makaranta, daga baya suka yi ta haurinsa a ciki har sai da aka yi masa tiyata. Sau biyu ya yi yunƙurin kashe kansa. Amma ba yaran ya kai ƙara ba, shugabannin makarantar ya kai, domin da shi da iyayensa sun sha kai kuka ana ce musu halin yara maza ne, kuma wanda bai ɓoye irin wannan hali ba ai dole ya ga haka. Kotu ta ce ƙin kare shi tauye masa haƙƙi ne, aka sasanta a kan dala 900,000.

Shari'ar ta taɓo tambayar da masana suka daɗe suna juyawa: daga ina damuwar waɗannan yara take tasowa? Cewa akwai damuwar ba abin musu ba ne. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a kan ɗaliban sakandare a 2015 ya nuna kashi 29 cikin 100 na masu sha'awar jinsinsu sun yi yunƙurin kashe kansu a cikin shekara guda, alhali a sauran ɗalibai kashi 6 ne.

Tsohuwar amsa ita ce ciwon yana cikin yaron. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta janye daga wannan ra'ayi a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Amsar da ta maye gurbinta, wadda Ilan Meyer ya tsara a 2003, ta ɗora laifin a kan matsin da tsiraru ke rayuwa a cikinsa. Meyer ya raba matsin gida biyu. Akwai na waje, wato zagi da duka da wariya. Akwai na ciki: zaman jiran a wulaƙanta ka, ɓoye kai, da kuma yarda da mugun abin da ake faɗa a kanka har ka tsani kanka.

A ganina wannan na biyun ya fi cin rai, kuma shi ne ba a gani. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana auna tafiyarsa, da muryarsa, da inda idonsa ya sauka. Idan aka yi ba'a da wani ya taya dariya, don kada a juyo kansa. Yarinya ta ƙirƙiri saurayin da babu shi don ƙawaye su ƙyale ta. Hankalin da ya kamata ya tafi ga allo ya ƙare a gadin kai. Abin lura ma, kalmominmu na luwaɗi da maɗigo aiki suke nufi, alhali da yawa daga cikin waɗannan yara ba su aikata komai ba. Abu ne suke ji a zuci, ko ma zargi ne kawai ya faɗa musu saboda laushin murya.

Sai kuma gida. Yaron da aka zaga a makaranta saboda launin fatarsa yakan koma ga uwar da ta san zafin abin. Wannan kuwa sau da yawa gidan ne ya fi tsoro. Nazarin Caitlin Ryan da abokan aikinta a Kaliforniya, wanda ya fito a 2009, ya gano cewa waɗanda iyayensu suka juya musu baya ƙwarai sun ninka waɗanda ba a juya wa ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai.

Hujja mafi ƙarfi cewa muhalli na da hannu ta zo daga jihar Oregon. A 2011 Mark Hatzenbuehler ya kwatanta ɗalibai kusan 32,000 a gundumomi 34, ya ga haɗarin yunƙurin kashe kai ga masu sha'awar jinsinsu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a inda muhallin ba ya tallafa musu, kamar inda makarantu ba su da dokar hana cin zali ko ƙungiyoyin tallafa wa irin waɗannan ɗalibai. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sanadi kai tsaye, kuma ko a wuraren da ake da tallafi giɓin bai rufe ba. Duk da haka abin da malami ya yi ko ya ƙi yi yana fitowa a alƙaluma.

Birtaniya ta gwada ɗaya ɓangaren. Sashe na 28 na dokar ƙananan hukumomi ta 1988, zamanin Margaret Thatcher, ya hana hukumomin yayata sha'awar jinsi ɗaya. Malamai da dama suka fahimce shi da cewa ko tsawata wa mai zagi na iya jawo musu matsala, sai suka ja bakinsu. Ba a soke shi a Ingila da Wales ba sai 2003, kuma a duk shekarun nan goma sha biyar ba a gurfanar da malami ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba.