Labarin Majigin Jifa Da Waina

A shekarar 1927 aka yi wani majigi na ban dariya a Amurka, mai suna The Battle of the Century, watau Yaƙin Ƙarni. A zamanin nan majigi ba ya magana, sai motsi da ishara. Manyan 'yan wasansa su ne Stan Laurel, siriri, da Oliver Hardy, ƙato. Majigin naɗi biyu ne, faɗan da ya ɗaukaka shi kuwa yana cikin na biyu, inda mutanen titi suka dinga jifan juna da wainar Turawa mai kirim, har aka ɓatar da fiye da 3,000.

To, fim ɗin wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, mai saurin kama wuta, in ya daɗe kuma sai ya ruɓe. A 1957 Robert Youngson ya kwafi 'yan mintoci na faɗan ya sa cikin wani majigi nasa, daga baya na asalin ya lalace. Shekara da shekaru guntun nan kaɗai ake gani na faɗan.

Sai a 2015 aka ji labari Jon Mirsalis ya tarar da naɗi na biyu cikakke cikin tarin tsofaffin fina-finan da ya saya. Kamfanin Lobster Films na Faransa ya gyara shi, aka haɗa da abin da ya saura na naɗin farko. A 2020 hukumar Amurka ta sa shi cikin jerin fina-finan da ƙasa za ta adana.

Da ba a sami mai kwafa da mai ajiya ba, da yanzu sai dai labari.