Daga Mushe Zuwa Ɗan Kwantaragi

A zamanin mulkin Faransa, malamin lakwal babban mutum ne a Nijar. Bubu Hama da Diori Hamani duk sun yi makarantar William Ponty ta Senegal, suka riƙe alli kafin su riƙe ƙasa a 1960.

Girman nan bai ɗore ba. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi, albashi ya riƙa makara wata da watanni, a 1994 kuma aka rage darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar ƴan kwantaragi, masu ɗan albashi da guntun horo. Ajujuwa kam sun yawaita. Amma daga 2021 zuwa 2023, kowace shekara, masu cin jarrabawar Bak ba su kai ɗaya cikin uku ba.