Lakar da Ta Koya wa Birane Tace Ruwa

A tsakiyar ƙarni na 19, galibin ƙazantar birnin Landan a kogin Temis take ƙarewa. A lokacin zafi na 1858 ɗoyin kogin ya yi tsanani har ya hana 'yan majalisa sakat a zaurensu. Daga nan aka ɗora wa injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa. Magudanan sun taimaka wajen kawar da kwalara, amma ba su tace ruwan ba. Nesa da tsakiyar gari kawai suka kai shi, suka sake juye shi cikin kogin.

Dabarar farko ta tacewa ta dogara ga nauyi. Ana tara ruwan a babban tanki a rage masa gudu, yashi da daskararren datti su kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama a kwashe. Sai dai dattin da ya riga ya narke ba ya kwanciya. Idan ya isa kogi, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye shi, suna zuƙe iskar oksijin har kifaye su mutu. Shi ya sa a 1912 wata hukumar bincike ta Birtaniya ta ba da shawarar a riƙa auna oksijin ɗin da ruwa ke cinyewa cikin kwana 5.

A wannan shekarar ne Gilbert Fowler na birnin Mancesta ya ziyarci tashar gwaji ta Lawrence a Amurka, ya ga ana hura iska cikin ruwan ƙazanta. Da ya dawo, abokan aikinsa Edward Ardern da William Lockett suka ci gaba da gwajin a matatar Davyhulme. Karon farko sai da ruwan ya yi kusan mako biyar kafin ya gyaru. Abin da suka yi bayan nan shi ya sauya komai: suka tsiyaye ruwan da ya washe, suka bar lakar da ta kwanta, suka zuba mata sabon ruwa. Da suka yi ta maimaitawa, aikin makonni ya koma ƙasa da kwana guda, domin lakar cike take da bakteriyar da suka riga suka saba da wannan abinci. Sun gabatar da sakamakon a watan Afrilu na 1914.

Har yau a kan wannan ginshiƙi galibin manyan matatu suke: tankin hura iska, tankin kwantar da laka, da famfon da ke mayar da wani kaso nata baya, a fitar da rarar. Injinan hura iskar su suka fi cin lantarki a irin wannan matata, kuma idan suka daɗe a tsaye bakteriyar kan shaƙe, ɗanyen ruwa ya kwarara kogi. Saboda haka duk garin da zai gina ta, wajibi ne ya tanadi wuta mai ɗorewa da ma'aikatan da suka san yadda ake kiwon wannan laka.