Baiwar Hawaye: Tarihin Kukan Tuba a Addu'ar Kiristocin Farko

Kukan tuba yana da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki tun daga Zabura ta 51, wadda ake dangantawa da nadamar Dauda, har zuwa kukan Bitrus a daren da ya yi musun sanin Yesu, amma sai a ƙarni na 4 ne Ikkilisiya ta mayar da shi al'ada mai tsari da dokoki. A wancan zamani wanda ya aikata babban zunubi bayan baftisma ba ya komawa cikin jama'a sai ya bi matakai, kuma matakin farko shi ne na "masu kuka", wato waɗanda ke tsayawa a wajen ƙofar majami'a suna roƙon masu shiga su yi musu addu'a. Basil, bishop na Kaisariya da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 379, ya yanke wa mai kisan ganganci shekara 20 ba tare da Jibin Ubangiji ba, 4 daga cikinsu a bakin ƙofa yana kuka.

A hamadar Masar ne wannan kuka ya tashi daga hukuncin mai laifi ya koma sana'ar mai ibada. Bayan dokar Milan ta shekarar 313 ta kawo ƙarshen tsananta wa Kiristoci, har shahada ta yi wuya, sai maza da mata masu yawa suka rungumi zuhudu, wato gudun duniya, wasunsu suka ƙaura zuwa Nitiriya da Kelliya da Siketis, inda ake kira Wadi Natrun a yau. Waɗannan ruhubanawa sun ɗauki kansu a matsayin masu tuba na din-din-din, ko da ba wanda ya kore su daga majami'a, suka kuma kira halin da suke nema da Girkanci "fentos", ma'ana makoki irin na wanda aka yi wa rasuwa, sai dai mamacin a nan ran mutum ne da zunubi ya raba da Allah. Labarin Arsaniyus shi ya fi nuna abin a kusa. Mutum ne da ya bar fadar sarki Tiyodosiyus a Kustantiniya ya koma Siketis, kuma an ruwaito cewa idan ya zauna saƙar ganyen dabino yakan ajiye ƙyalle a ƙirjinsa saboda hawaye, har gashin idonsa ya zube.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa dattawan hamada sun ɗaukaka hawaye don kansa. Ibagiriyus, wanda ya rasu a Kelliya a shekarar 399, ya shawarci mai addu'a ya fara roƙon hawaye domin su tausasa taurin zuciyarsa, amma nan take ya gargaɗe shi kada ya ɗauki kansa ya fi sauran mutane saboda yana kuka, domin maganin da aka ba shi yana iya komawa cuta. Yahaya Kasiyan, wanda ya zauna tare da dattawan hamada sannan ya kai koyarwarsu Marsai ta Faransa wajen shekarar 415, ya rarrabe hawayen da ke fitowa daga tunawa da zunubi, da na begen rai madawwami, da na tsoron hukunci, da na tausayin taurin kan wasu, sannan ya hana a matso hawaye daga busasshen ido da ƙarfin tsiya. Wannan shi ne ginshiƙin al'adar gaba ɗaya, kuma shi ya kare ta daga zama riya: hawaye baiwa ce da ake roƙo, mai ibada ba shi da ikon ƙera ta, kuma ana gane ta gaskiya ne idan ta bar mutum da tawali'u da sassauci ga 'yan'uwansa.

A ƙarni na 7 koyarwar ta kai ƙololuwa a hannun mutum biyu. Yahaya Kilimakus, shugaban gidan zuhudu na Dutsen Sina'i, ya rubuta littafin da ya kwatanta rayuwar ibada da tsani mai matakai 30, ya keɓe na 7 ga makokin da ke haifar da farin ciki, inda ya yi ƙarfin halin cewa hawaye, ta wata fuska, sun zarce baftisma, tun da baftisma ta wanke abin da ya gabace ta, su kuwa suna wanke abin da ya biyo baya. Ishaku na Nineba, haifaffen yankin Katar wanda ya ajiye kujerar bishop bayan wata 5 kacal ya koma duwatsu, ya ɗauki hawaye a matsayin iyaka tsakanin rayuwar jiki da ta ruhu, kuma a wurinsa kukan ya wuce zunubin mai kukan ya haɗa da tausayin dukan halitta, har dabbobi da maƙiya gaskiya. A nan ne ma'anar ta fi zurfi, domin nadamar da ta fara da tsoro ta ƙare da jinƙai.

Ikkilisiyar Yamma ta gaji abin a taƙaice. Dokar zuhudu ta Benadik ta ƙarni na 6 ta koyar cewa tsarkin zuciya da hawayen nadama ne ke sa a ji addu'a, yawan magana ba ya ƙara mata komai, shi kuma Fafaroma Giragori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya kasa nadama gida biyu, ta tsoro da ta ƙauna. Ignatiyus na Loyola ya riƙa rubuta hawayensa a littafin sirri a shekarun 1544 da 1545, amma bai taɓa sa su sharaɗi ga mabiyansa ba. Littafin sujadar Katolika na dā ma ya adana addu'a ta musamman ta roƙon hawaye, wadda ke neman Allahn da ya fitar da ruwa daga dutse domin Isra'ilawa ya fitar da hawayen tuba daga taurin zuciyar mai roƙo.