Baƙo da Maigida: Kiristoci Masu Aikin Sa-kai da Yaran Zangon Accra

Gabatarwa

Ghana ta daɗe da sabawa da baƙi masu aikin sa-kai. Ita ce ƙasa ta farko da ta karɓi matasan Peace Corps daga Amurka, a watan Agustan 1961. A yau da yawa daga cikin masu zuwa majami'u ne ke turo su daga Amurka da Turai, su yi mako biyu ko wata uku tare da ƙungiyoyin taimakon yara. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na 'yan ƙasar Kiristoci ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. Amma a unguwannin Nima da Maamobi na Accra lissafin ya juya, domin Musulmi ne suka fi yawa, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da lungu. Wannan maƙala na da'awar cewa bangaskiyar da ke kawo Kirista zango don yi wa yara hidima abin girmamawa ce, sai dai ba za ta yi albarka ba har sai baƙon ya shigo ta ƙofar maigida, ya kuma bar yaro a hannun danginsa.

Tsarin zango

Zango wuri ne da baƙi suka gina, saboda haka yana da ƙa'idar karɓar baƙo. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta tashi ne a shekarun 1930 a ƙarƙashin Malam Amadu Futa. Deborah Pellow, wadda ta nazarci Sabon Zango, ta nuna cewa rayuwar unguwar ta ginu a kan dangantakar maigida da wanda ya sauka wurinsa. Maigida ke ba da masauki, shi ke gabatar da baƙo ga jama'a, shi ke amsa tambaya idan baƙon ya yi ba daidai ba. Mai aikin sa-kai da ya tsallake sarkin zango da limami da iyaye, ya nufi yara kai tsaye da alewa da kyamara, ya karya wannan ƙa'ida ko da zuciyarsa fara ce tas.

Matsalar gidan marayu

Hidimar da ta fi jan hankalin baƙi ita ce ta gidan marayu, kuma ita ce ta fi haɗari. Rahoton Save the Children na 2009 ya nuna cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ba maraici ba. Inda baƙi ke biyan kuɗi don su yi hidima, yaro kan zama hajar da ke jawo kuɗin, shi ya sa Ostareliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani a 2018. Ita ma Ghana ta fara gyaran tsarin kula da yara a 2007 da nufin mayar da su cikin iyali, binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2010 a gidan yara na Osu kuma ya girgiza ƙasar.

Akwai cutarwar da ba ta bayyana a hoto. Yarinya 'yar shekara uku da ta ruga ta rungume baƙuwar da ba ta taɓa gani ba, ta ƙi sauka daga jikinta, takan sa baƙuwar hawayen farin ciki. Masana halayyar yara kuwa suna ganin alamar rauni ce: yarinyar ta rasa mutum guda tsayayye da za ta shaƙu da shi. Bayan mako biyu baƙuwar ta tafi, wata ta zo, rabuwa ta sake sabuwa. A al'adar zango kuwa riƙo ne maganin maraici. Goggo ko kawu ko kaka ke ɗaukar yaro, ya tashi da sunan ubansa, ya je boko da safe, ya je makarantar allo da yamma. Kuɗin jirgin baƙo guda zai iya ƙarfafa gidaje da dama irin wannan.

Abin da bangaskiya ke nema

Za a iya cewa wannan hujja na kashe gwiwar masu niyyar alheri, ko tana hana Kirista shaida imaninsa. Amsar tana cikin Linjila kanta. Basamariyen da Luka ya ba da labarinsa bai tambayi addinin wanda aka raunata ba. Ya ɗaure masa rauni, ya danƙa shi ga mai masauki, ya biya, ya yi alkawarin dawowa. Wato ya amince da mutumin wurin, ya kuma ɗauki nauyi mai ɗorewa. Taimakon da aka rataya wa sharaɗin yaro ya bar addinin iyayensa cin amana ne, ko daga wane addini ya fito.

Misalan aikin da ya tsaya da ƙafafunsa suna nan kusa. Asibitin Urban Aid na Salvation Army ya daɗe yana kula da mata da jarirai a Maamobi. Ƙungiyar Catholic Action for Street Children tana aiki da yaran titi a Accra tun farkon shekarun 1990, da ma'aikata 'yan ƙasa. Cocin St. Kizito na zaune a Nima cikin maƙwabta Musulmi. Amincin da ya sa Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Christ the King ranar Ista ta 2019 irin wannan zaman tare ne ya haife shi, kuma baƙo mai gaggawa na iya ɓata shi cikin mako guda.

Kammalawa

Majami'un da ke turo matasa suna da nauyi uku: su daina kai su gidajen marayu, su turo masu sana'ar da ake bukata kamar jinya da koyarwa su yi aiki a ƙarƙashin 'yan ƙasa, kuma su nemi yardar iyaye da shugabannin unguwa tun kafin a sayi tikiti. Su ma shugabannin zango kada su tsaya kallo. Haƙƙinsu ne su tambayi kowace ƙungiya rajistarta da hukuma, su san abin da ake koya wa 'ya'yansu, su kuma raya riƙo da zakka da sadaka yadda talauci ba zai raba uwa da ɗanta ba.