TAƘAITACCEN TARIHIN ƘASAR WURNO, DA MUTANENTA, DA TSARIN MULKINTA

 

Tun da yake an taru domin aza harsashin ginin wannan masallaci, ya kyautu a tunatar da jama'a da manyan baƙi irin ƙasar da za a kafa shi a kanta, da mutanen da za su yi salla a cikinsa, da kuma hukumomin da ke riƙe da al'amuransu. Wanda ya san waɗannan abubuwa uku zai gane dalilin da ya sa aikin ya zama tilas, zai kuma gane a wuyan wa nauyinsa ya rataya.

YANAYIN ƘASA

Garin Wurno yana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. An kafa shi a kan tudu, a bakin fadamar Gulbin Rima. Ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan garin tana da faɗin murabba'in kilomita 685, ta kuma yi iyaka da ƙananan hukumomin Goronyo da Rabah da Kware da Gwadabawa.

Ƙasa ce mai zafi. Damina takan faɗi wajen watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, sa'an nan hunturu ya biyo da iska da ƙura, kana bazara ta zo da zafinta a watannin Maris da Afrilu da Mayu. Ashe ke nan ruwan sama na wata huɗu ne kawai, sauran wata takwas kuwa sai abin da gulbi ya bari. Saboda haka ne noman ƙasar ya kasu biyu. A kan tudu ana shuka gero da dawa da wake da damina. A fadama kuwa ana noman shinkafa, idan ruwa ya janye a bi da albasa da tafarnuwa da sauran kayan lambu. Tafarnuwar Wurno ta yi suna har a kasuwannin nesa.

Amma gulbin da ke ciyar da mutane shi ne kuma yakan jarrabe su. An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, daga sama da Wurno. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ya malalo ya cinye gonaki da gidaje a ƙasashen Goronyo da Wurno da maƙwabtansu. Ita ma madatsar Lugu, wadda gonakin noman rani na Wurno suka dogara da ita, ruwa ya sha yi mata ɓarna. Wannan darasi ne ga masu gini: a zaɓi wuri mai tudu, a zurfafa harsashi, a fitar da magudanar ruwa tun da fari.

ASALIN GARI

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya raya Wurno. Ya karɓi jagorancin jama'a a shekarar 1817 bayan rasuwar Shehu. A zamaninsa Gobirawa da waɗansu Abzinawa ba su daina kawo hari daga arewa da gabas ba, kwarin Rima kuwa shi ne hanyarsu zuwa Sakkwato. Sai Bello ya ɗauki dabarar kafa ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mutane za su zauna da iyalansu suna tsaron ƙasa. Ya fara zama a Magarya, inda Baturen Ingila Kilafatan ya same shi a 1826. Daga baya, wajen 1830, ya koma Wurno ya mai da shi mazauninsa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wanda ya karya ƙarfin abokan gaba, Allah ya yi masa rasuwa a nan Wurno a shekarar 1837, daidai da 1253 ta Hijira. Hubbarensa yana cikin garin, ana ziyartarsa har yau.

Abin lura shi ne, ribaɗi a wurin Bello ya wuce sansanin yaƙi. Ya so makiyaya su zauna wuri ɗaya domin 'ya'yansu su sami karatu da sallar jam'i. A cikin littafinsa Usulus Siyasa ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'a da manoma, ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Saboda haka masallaci da makaranta da gona da kasuwa da gidan hukuma tare aka tsara su, kowane yana tallafar ɗan'uwansa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta zauna a nan, ita ce kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara.

Bayan Bello waɗansu Sarakunan Musulmi sun ci gaba da zama a Wurno. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, a zamaninsa ne kuma Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin a 1853. Haka nan Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1891 zuwa 1902. Ke nan wannan ƙaramin gari ya taɓa zama wurin da wasiƙun sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa suke iske Sarkin Musulmi.

YAWAN JAMA'A

Mutanen ƙasar Hausawa ne da Fulani waɗanda aure da zama tare suka gauraya, kusan dukkansu Musulmi, harshensu na yau da kullum kuwa Sakkwatanci. Akasarinsu manoma ne, sai makiyaya da masunta da 'yan kasuwa da malamai. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 162,307 a ƙaramar hukumar, watau kusan mutum 237 a kowane murabba'in kilomita. Jariran da aka ƙidaya a wannan shekara yanzu sun zama samari da 'yan mata, waɗansu ma sun yi iyali. Kowa ya ga yadda sahu ke fita har kan hanya ranar Juma'a, cikin rana ko cikin ruwa, ba ya bukatar wani lissafi kafin ya yarda cewa jama'a ta ƙaru, wuraren ibada kuwa ba su ƙaru daidai da ita ba.

TSARIN MULKI

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga nan Wurno ta zama gunduma a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, hakimi yana tattara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni. Sarautar hakimin Wurno ita ce Sarkin Sudan, wadda marigayi Alhaji Shehu Malami ya daɗe yana riƙe da ita har rasuwarsa a 2022. A 1967 ƙasar ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma aka ƙirƙiri Jihar Sakkwato, aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyara a Nijeriya duka, ikon En'e ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi. Bayan cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, Jihar Sakkwato ta tsaya da ƙananan hukumomi 23, Wurno tana ɗaya daga cikinsu, kuma ɗaya daga cikin 774 na ƙasa baki ɗaya.

Ƙaramar hukumar tana da shugaba da kansiloli daga mazaɓu 11, cikinsu har da Achida da Magarya da Dinawa da Kwargaba da Lahodu da Tunga. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa, da tsabtar gari, da sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye.

NAUYIN DA KE KANMU

Wanda ya duba wannan jerin ayyuka zai ga babu ginin masallaci a ciki. A zamanin Bello hannu ɗaya ne ke gina ganuwa da kasuwa da masallaci. Yau an raba aikin: hukuma ta ɗauki hanya da kasuwa da asibiti, sarauta ta ɗauki sulhu da riƙon al'ada, masallaci kuwa ya zama amana a hannun jama'a. Idan jama'a ba ta gina ba, babu wanda doka ta tilasta wa ya gina. Idan kuma aka aza harsashi aka bar shi, damina biyu ta isa ta mai da shi kufai.

Don haka muna kira ga manomi ya tuna da wannan aiki ranar da ya kai albasarsa kasuwa, ɗan kasuwa da ma'aikaci su yanka wa kansu abin da za su riƙa bayarwa, 'ya'yan ƙasar nan mazauna Sakkwato da Kano da Abuja da Ikko kuma kada nisa ya hana su. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfin ɗaukar yashi da ruwa. Su kuma waɗanda aka danƙa wa dukiyar, wajibi ne su riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, domin amana ita ke sa mai bayarwa ya sake bayarwa.

Allah ya jiƙan Shehu da Bello da sauran magabatanmu, ya saka wa duk wanda ya taimaka da mafificin alheri, ya kiyaye ƙasarmu daga fari da ambaliya da fitina, ya kuma nuna mana ranar buɗe wannan masallaci muna masu rai da lafiya. Amin.