Kwafin ajiya na kwamfuta: manhajojin biyan shekara-shekara da waɗanda ake samu kyauta

Idan kai ne aka danƙa wa kwamfutar ƙungiya, ko ta asusun ajiya da bashi, ko ta gidan magajin gari, ko ta wani shirin raya karkara, to ka sani dukiyar da ke hannunka ta wuce na'urar da kake gani. A cikinta akwai sunayen mambobi, da lissafin kuɗi, da rahotannin shekara da shekaru, da hotunan ayyuka. In na'ura ta lalace ana iya sayen wata. In waɗannan bayanai suka salwanta, babu kasuwar da ake sayar da su. Wannan shafi zai bayyana maka sauyin da aka samu a wajen manhajojin da ke yin kwafin ajiya, da abin da ya kamata ƙaramin ofis ya yi a kai.

1. Mene ne kwafin ajiya?

Kwafin ajiya shi ne kwafi na biyu na bayananka, wanda ka adana a wani wuri dabam, domin ka maido shi ranar da na asali ya ɓace. Iri biyu ne.

Na farko kwafin fayiloli: takardu, da jadawalin lissafi, da hotuna. Shi ne mafi muhimmanci, kuma bai cika nauyi ba.

Na biyu hoton faifai gaba ɗaya: ana ɗauke duk abin da ke cikin faifan kwamfuta, har da Windows ɗin kanta da manhajojin da aka girka. In faifai ya mutu, sai a sa sabo a zuba masa hoton, kwamfuta ta tashi yadda take a da.

Abubuwan da ke cinye bayanai sanannu ne a wurarenmu: zafin bazara, da ƙurar hunturu, da yankewar wuta ba zato, da tsawa a lokacin damina, da sata, da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo ta kile daga ofis zuwa ofis. Akwai kuma manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila.

2. Me ya sauya?

A da, mutum yakan sayi manhaja sau ɗaya, a ba shi lambar lasisi, ya yi ta aiki da ita har kwamfutar ta tsufa. Daga baya kamfanoni da dama suka koma ga tsarin da aka saba kira abonma, wato a biya duk wata ko duk shekara, in an daina biya aiki ya tsaya. Kamfanin Adobe ya bi wannan hanya a 2013, sannan masu manhajojin ajiya suka biyo baya. Ga misalai uku da ya kamata ka sani.

Kamfanin Code42 na Amurka ya sanar a 2017 cewa zai rufe CrashPlan na masu amfani a gida, ya kuma rufe shi a watan Oktoba na 2018. Waɗanda suka dogara da shi sai da suka kwashe bayanansu zuwa wani wuri, ko suka koma tsarin kamfanoni mai tsada.

Kamfanin Acronis ya sauya wa manhajarsa True Image suna a 2021, ya kira ta Cyber Protect Home Office, ya mayar da ita ta biyan shekara-shekara. A 2024 ya maido mata tsohon sunanta.

Kamfanin Macrium na Ingila ya daɗe yana ba da Reflect Free kyauta, kuma masu gyaran kwamfuta da yawa sun saba da ita. Ya daina yi mata gyaran tsaro daga 1 ga Janairu 2024. Sabon samfurin da ya fitar a wannan shekara, Reflect X, na masu amfani a gida ya zo ne da biyan shekara-shekara.

Hujjar kamfanonin ita ce, Windows tana sauyawa kullum, masu kutse suna ƙirƙiro sababbin dabaru, kuma ma'aikatan da ke bin waɗannan abubuwa albashi suke karɓa duk wata. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Babban kamfani ko banki, wanda ke buƙatar a amsa masa kira dare da rana, yana iya samun riba da wannan tsari. Halin ƙaramin ofis a Maradi ko Tawa dabam yake.

3. Me ya sa wannan ya shafe ka?

Dalili na farko kuɗi ne. Darajar sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 yana daidai da sefa 656 ba kaɗan. A ƙaddara manhaja tana cin yuro 50 a shekara ga kwamfuta guda, wato kusan jika 33. Ofis mai kwamfuta 5, cikin shekara 4, zai biya yuro 1000, wato jika 656. Wannan lissafi na misali ne, amma ka sa farashin da aka faɗa maka a madadinsa, za ka ga yadda ƙaramin kuɗi ke taruwa.

Dalili na biyu hanyar biya. Yawancin waɗannan kamfanoni suna karɓar kuɗi ne ta katin banki da ke aiki a ƙasashen waje. Ƙungiyoyi da yawa ba su da shi, sai a yi amfani da katin wani ma'aikaci ko na wani baƙo mai ba da shawara. Ranar da ya bar aiki, ko katinsa ya ƙare, biya ya tsaya ba tare da kowa ya lura ba.

Dalili na uku wa'adin shiri. Shirye-shiryen raya ƙasa suna da farko suna da ƙarshe, sau da yawa shekara 3 zuwa 5. In mai ba da tallafi ya tafi, kwamfutoci sukan zauna a hannun ƙungiya ko gidan magajin gari, amma babu layin kasafin da zai ci gaba da biyan haya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne siffar da ake ajiye bayanan a cikinta. Kowane kamfani yana da irin nasa fayil: na Acronis yana ƙarewa da .tib ko .tibx, na Macrium da .mrimg ko .mrimgx. Ba ka iya buɗe su kamar yadda kake buɗe takardar Word. Sai da manhajar da ta yi su. Saboda haka, kafin ka amince da kowace manhaja, ta kuɗi ko ta kyauta, ka nemi amsar wannan tambaya a rubuce: in na daina biya, ko kamfanin ya daina wannan samfuri, zan iya maido bayanaina? Idan kuma bayanan suna ma'ajiyar kamfanin ta intanet, kwana nawa za a ba ni kafin a share su?

4. Waɗanne manhajoji ake samu kyauta?

Waɗanda suka zo tare da kwamfuta. Tun daga Windows 8, a 2012, akwai File History, wanda ake kira Historique des fichiers a kwamfuta mai Faransanci. Ka haɗa faifan waje, ka kunna shi, zai riƙa kwafe fayilolin da suka sauya duk awa ɗaya, yana kuma ajiye tsofaffin kwafi, ta yadda za ka iya komawa ga takardar yadda take makon jiya. Kwamfutocin Apple suna da Time Machine tun 2007. Akwai kuma tsohon tsarin ɗaukar hoton faifai na zamanin Windows 7, amma tun 2017 kamfanin Microsoft ya daina inganta shi, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

FreeFileSync. Tana kwatanta kundi biyu, ta kwafe abin da ya sauya kawai. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana da Faransanci. Babban alherinta shi ne fayilolin suna nan yadda suke: kowace kwamfuta za ta buɗe su ko babu manhajar. Sai dai ka kula, in ka zaɓi tsarin madubi, abin da ka share a kwamfuta za a share shi a faifan ajiya ma. Ka kunna zaɓin ajiye tsofaffin kwafi domin kauce wa wannan.

Clonezilla da Rescuezilla. Waɗannan na ɗaukar hoton faifai ne gaba ɗaya. Clonezilla ta fito daga wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan. Ana sa ta a kile, a tayar da kwamfuta daga kilen. Allonta rubutu ne zalla, yana iya rikita wanda bai saba ba. Rescuezilla tana yin aiki irin wannan da allo mai sauƙi, kuma tana karanta hotunan da Clonezilla ta ɗauka. Ka tuna cewa sabon faifan da za a zuba wa hoton ya kamata ya kai girman tsohon ko ya fi shi, kuma in ka rikita faifan da ake kwafa da wanda ake zuba wa, za ka shafe bayananka da hannunka. Karon farko ka yi shi tare da wanda ya iya.

Veeam Agent na Windows. Yana da samfuri na kyauta da ke ɗaukar kwamfuta gaba ɗaya bisa lokacin da ka tsara masa. Aikinsa yana da kyau, amma mallakar kamfani ne, kuma abin da ya faru da Reflect Free darasi ne: kyautar kamfani tana iya ƙarewa.

Duplicati. Tana kulle bayanai da kalmar sirri kafin ta aika su faifan waje ko ma'ajiyar intanet. Ta dace da bayanan da bai kamata kowa ya gani ba. In kalmar sirrin ta ɓace, bayanan sun tafi ke nan, babu mai iya buɗe maka su.

Ka lura da bambanci tsakanin kyauta iri biyu. FreeFileSync da Clonezilla da Rescuezilla da Duplicati buɗaɗɗu ne, wato an wallafa yadda aka rubuta su, kowa yana iya dubawa ya kuma ci gaba da su ko masu su sun daina. Kyautar kamfani kuwa tana nan ne muddin kamfanin yana so. Ko wace ka zaɓa, ka sauke ta daga shafin masu ita. Manhajar kuɗi da aka fasa wa lasisi, irin wadda ake zuba wa mutane a kasuwa, tana daga cikin manyan hanyoyin shigar cuta, kuma ba ita za ka ba amanar bayananka ba.

5. Ma'ajiyar intanet fa?

Google yana ba da giga 15 kyauta, OneDrive na Microsoft giga 5, Dropbox giga 2. Wannan ya isa ga takardu da jadawalin lissafi, amma ba zai ɗauki hoton faifai ba, kuma aika manyan fayiloli yana cin kuɗin intanet. Abu biyu za ka kiyaye. Na ɗaya, a buɗe asusun da sunan ƙungiya, kada ya zama na wani ma'aikaci shi kaɗai. Na biyu, a riƙa shiga cikinsa: tun watan Disamba na 2023 Google yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Idan bayanan sun ƙunshi sunayen marasa lafiya, ko na masu cin bashi, ko na waɗanda suka karɓi agaji, ka tuna cewa Nijar tana da dokar kare bayanan sirrin mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Irin waɗannan bayanai a kulle su da kalmar sirri kafin su bar ofis.

6. Tsarin da ya dace da ƙaramin ofis

Masana suna bin ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi 3 na kowane abu mai muhimmanci, a kan ma'aji iri 2, kwafi 1 kuma a wajen ginin ofis. Manomi ya san hikimar tun da daɗewa, shi ya sa ba ya ajiye iri a rumbun da ake ɗiba kullum. Ga yadda za ka aiwatar da ita.

a) Ka sayi faifan waje guda 2, ka rubuta musu lamba a jiki. Kuɗin da za ka ba kamfani a shekara ɗaya ko biyu, a nan ya fi amfani, domin faifai naka ne.

b) Kowace Juma'a, ko duk ranar da kuka tsayar, a kwafe fayiloli da File History ko FreeFileSync. Mai lissafin kuɗi kuwa ya yi kwafinsa kullum kafin ya tashi.

c) Da an gama, a cire faifan daga kwamfuta. Faifan da ke haɗe kullum, cutar da ta kama kwamfuta za ta kama shi, tsawar da ta ƙona ta za ta iya ƙona shi.

d) Faifai ɗaya ya kwana a ofis, ɗaya a wani wuri amintacce, a riƙa musanya su duk mako. A sa su cikin akwati mai murfi, nesa da rana da ƙura da danshi.

e) Duk wata 3, da kuma kafin wani babban gyara, a ɗauki hoton faifai da Rescuezilla ko Clonezilla. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran da yake bayarwa ga kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ofisoshi da yawa suna cikin sauya Windows ko sauya kwamfuta. A irin wannan lokaci ne bayanai suka fi ɓacewa.

f) A ajiye littafi: ranar da aka yi kwafi, da wanda ya yi, da lambar faifai. Kalmar sirri a rubuta ta a takarda, a rufe cikin ambulan, a ba shugaban ƙungiya ko ma'aji ya sa a akwatin kuɗi.

g) Mutum 2 aƙalla su iya wannan aiki, don kada tafiyar mutum ɗaya ta tsayar da komai.

Kile kuwa na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can. Yana ɓacewa da sauƙi, yana mutuwa ba sallama, don haka kada ka ƙidaya shi cikin kwafi ukun nan.

7. Gwajin maidowa

Mutane da yawa sukan shekara suna kwafi, sai ranar buƙata su tarar faifan babu komai, ko kundin da ya fi muhimmanci ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Maganin wannan shi ne gwaji. Sau ɗaya a wata ka ɗauki faifan ajiya, ka kai shi wata kwamfuta, ka buɗe fayil 3 ko 4 da ka zaɓa da ka, ka tabbatar na baya-bayan nan ne. Sau ɗaya a shekara kuma ku gwada zuba hoton faifai a kan wani faifai da ba a amfani da shi, ku ga ko kwamfuta za ta tashi.

Idan ofishinku ya riga ya biya kuɗin wata manhaja, ba sai kun jefar da ita yau ba. Ku duba ranar da wa'adinta zai cika, ku rubuta ta a littafin nan. Ku yi kilen ceto da manhajar ke bayarwa tun tana aiki. Kafin wa'adin ya cika da wata 1, ku kwafe dukkan fayilolinku a siffarsu ta asali zuwa faifan waje, ku gwada buɗe su, sannan ku zauna da mai kula da kasafi ku yanke shawarar ko za a sabunta ko za a bari.